Darasi Na Tara: Miya Ba Nama, Jiki Ba Rama

Hausawa na cewa tuwon girma miyarsa nama. Ba mu musa ba. Amma duk magidancin da ke ba da kuɗin cefane a nan garinmu Balan, da uwargidan da ke karɓa ta ɗora tukunya, sun san ranakun da tsoka take shiga miya ba su da yawa. A wani gidan sai ranar kasuwa, a wani sai an yi suna a maƙwabta, a wani kuwa sai Babbar Sallah. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya tashi, komai ya bi shi, har tsiren da ake saya wa yara tsaraba ya zama sai an yi shawara.

Wannan darasi ba hana cin nama zai yi ba. Nama halal ne, kuma ni'ima ce. Ranar da aka samu a ci a gode wa Allah. Maganarmu a kan sauran ranakun ne, waɗanda suka fi yawa. Yaya za a ciyar da gida da abin da gona da lambu suka bayar, ba tare da yara sun yi tamowa ba, ba tare da mai ciki ta rasa jini ba, kuma ba tare da an ci bashin mai kanti ba?

Akwai mutanen da suka bar nama da gangan. A Indiya miliyoyin mutane suna tashi su tsufa ba su taɓa sa shi a baki ba, saboda addininsu. Abincinsu shinkafa ce ko gurasa da miyar dangin wake wadda suke kira dal, sai ganye da nono. A Ingila ma tun 1847 aka kafa ƙungiyar masu ƙaurace wa nama. Mu ba addini ne ya raba mu da shi ba, aljihu ne. Sai dai jiki bai san dalili ba, abin da aka zuba masa kawai ya sani. Saboda haka ilimin da ya amfane su zai amfane mu, balle ma da yake mafi yawansa yana nan cikin madafinmu tun zamanin kakanni, ba mu dai ba shi suna ba.

Hatsi da wake

Gero da dawa da masara da shinkafa su ne ke ba da ƙarfin aiki. Wanda ya ci tuwo ya ƙoshi zai iya wuni yana huɗa. Amma ƙoshi daban, ginin jiki daban. Abin da ke gina tsoka, ya sa yaro ya yi tsawo, ya sa rauni ya warke, shi ne sinadarin da ake kira furotin. A gero bai wuce kashi 11 cikin 100 ba, ko kusa da haka. A wake yana kusan kashi 24, a gyaɗa kusan 25, a waken suya kuwa ya haura 35.

Ba yawan kaɗai ba ne. Furotin ɗin hatsi yana da giɓi: wani ɓangarensa da ake kira laisin ya yi ƙaranci ƙwarai, shi kuwa wake yana da shi a wadace. Wake ma yana da nasa giɓin, wanda hatsi ke cikewa. Kamar magini ne da mai kwaɓa ƙasa, kowa shi kaɗai ba zai tayar da ɗaki ba. In aka haɗa su a ciki ɗaya, ko da ba a kwano ɗaya ba, muddin cikin wuni ɗaya ne, jiki yana samun abin da ya kusa da wanda nama ke bayarwa.

To ku duba abin da iyayenmu suka bar mana: garau-garau, ƙosai da koko, alale da kunu, kunun gyaɗa, tuwon dawa da miyar da aka daka wa daddawa, dambu da ƙuli-ƙuli, ɗanwake idan an sa masa wake na gaske ba zallar rogo da fulawa ba. Duk aure ne tsakanin hatsi da dangin wake. Manomi ma haka yake yi a gona, ya shuka gero ya bi shi da wake a tsakani, domin saiwar wake tana mayar wa ƙasa taki. Abin da ya gyara jigawar Gaya da Ajingi shi ne ke gyara cikin wanda ya noma ta.

Abokan wasa sukan tsokane mu wai mutanen Gaya gaya suke ci. Mu bar su da wasansu. Amma gayan tuwo na gaskiya, ko tuwon da miyarsa ruwa ce da gishiri da dunƙule kawai, shi ne abin gudu, musamman ga yaro. Kunun da ake dama wa ɗan yaye da zallar gasara da sukari yana cika ciki ne kawai. Ma'aikatan lafiya suna koyar da wani haɗi da ake kira Tom Brown: awo shida na gero ko dawa, awo uku na waken suya, awo ɗaya na gyaɗa, a soya kowanne daban, a cire ɓawon waken, a haɗa a niƙa. Wannan garin shi ake dama wa yaro daga wata shida zuwa sama, tare da nonon uwa. Kafin wata shida kuwa, nono zalla. Waken suya ba a cin sa ɗanye. Sai an soya ko an dafa shi sosai kafin ciki ya iya sarrafa shi. Awara da 'yan mata ke soyawa a bakin makaranta, wadda wasu ke kira ƙwai da ƙwai, ba abin rainawa ba ce. Ita ce naman talaka, in ba a jiƙa ta da mai da dunƙule ba.

Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya noman wake irin namu. Abin takaici, manomi da yawa kan sayar da nasa kaf da kaka, ya koma saye da gwangwani da damina.

Ganye

Na taɓa zama ina kallon wata dattijuwa tana kwaɗon zogale, kuma ban ga malamin da ya fi ta iya wannan darasi ba. Da hantsi ta aiki jikanta ya karyo rassa daga shingen bayan gida. Ta zauna kan tabarma ta tsige ganyen cikin ƙwarya, tana fitar da 'yan sandunan. Ta wanke sau biyu tun kafin ya ga wuta. Sai da ruwa ya tafasa sannan ta zuba, ruwan ma ɗan kaɗan, iyakar abin da zai rufe shi. Ba ta tashi daga gindin murhu ba. Da ganyen ya yi laushi, tun yana kore shar, ta sauke. Ta daka ƙuli-ƙuli da barkono, ta yanka albasa da tumatir, ta ɗiga man gyaɗa, ta murza da hannu. A ƙarshe ta matsa rabin lemon tsami. Ruwan dahuwar kuma ba ta zubar ba, ta ajiye shi don miyar dare.

Kowane mataki a nan yana da dalili. Ganye mai duhun kore, irin zogale, rama, yakuwa, alayyafo, lalo, tafasa da kuka, yana ɗauke da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, da kuma abin da jiki ke juyawa ya zama bitamin A, wanda rashinsa ke jawo dundumi. Bitamin A ba ya shiga jiki sosai sai da maiƙo, ga amfanin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Sinadarin ƙarfen da ke cikin ganye da wake kuma yana da taurin kai, ba ya shiga jini da sauƙi irin na nama, sai an haɗa shi da bitamin C, ga amfanin lemon tsami da ɗanyen tumatir. Shayi akasin haka yake yi, yana riƙe sinadarin ya hana shi shiga. Mai ciki da mai jego da duk wanda aka ce jininsa ya yi ƙasa, su ba da tazarar awa guda ko biyu tsakanin abinci da shayi. Doguwar dahuwa kuwa tana kashe wasu bitamin, wasu kuma su tsere cikin ruwa. Wadda ta tsiyaye ruwan ta zubar, akuya ta ba rabin amfanin.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganye da kayan lambu da 'ya'yan itace a kullum. Mu da ba mu da sikeli, a ƙiyasta cikin tafin hannu sau biyar. Dankali da rogo da doya ba sa cikin lissafin, su 'yan ɗakin tuwo ne. Kada adadin ya ba ku tsoro. Kwaɗo da rana, miyar taushe da kabewa da dare, yalo biyu a hanya, gwaiba ko mangwaro ɗaya, an kusa kaiwa.

Da damina ganye banza ne, har tsallake shi ake yi a hanyar gona. Lokacin tanadi ke nan. A shanya shi a inuwa inda iska ke kaɗawa, kan tabarma mai tsabta, ba a tsakiyar rana a kan ƙasa ba. Kukar da ta bushe a inuwa koriya take zama; wadda rana ta gasa takan koɗe, kuma amfaninta ya koɗe tare da launin.

Sai maganar kanwa, wadda na san za ta jawo gardama a aji. Kanwa tana sa wake ya nuna da wuri, tana sa kuɓewa yauƙi, tana kashe tsamin yakuwa. Amma tana lalata wasu bitamin, kuma 'yar'uwar gishiri ce wajen tayar da hawan jini. A shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun lura da yawan ciwon zuciya ga mata masu jego, suka yi zargin yawan shan kunun kanwa da zafin wankan jego suna da hannu a ciki. Ba a ce a kore ta daga madafi ba, a dai rage. Waken da aka jiƙa tun dare ba ya buƙatarta, ga shi yana rage cin itace da kumburin ciki. Gishiri kuma, awon da Hukumar ta bayar bai kai giram 5 ba a wuni, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin dunƙule. Miyar da babu nama ita ce aka fi cika wa dunƙule don a rufe lami. Daddawa da albasa da citta da tafarnuwa sun fi shi iya wannan aiki. In za a sayi gishiri, a nemi na leda mai aidin, shi ke kare mutum daga maƙoƙo.

Abin sha

A birni yanzu ana yayin markaɗa kayan itace da na'ura a tace a sha, har a ce yana wanke ciki da jini. Wankin jini aikin hanta ne da ƙoda, ba na kofi ba. Mu ma muna da namu tun tuni, ba wuta ba na'ura: zoɓo, kunun aya, ruwan tsamiya, da garin 'ya'yan kuka da ake jiƙawa a dama da nono. Wannan garin da yara ke tsotsa a gindin bishiya yana da bitamin C mai yawa. A 2008 Tarayyar Turai ta amince a riƙa sayar da shi a ƙasashenta, kuma can da tsada ake sayen sa cikin 'yan gwangwanaye.

Abu uku ne ke ɓata abin sha. Na farko tacewa. In aka matse lemo ko kankana aka zubar da tuƙar, an zubar da abin da ke sa bayan gida ya yi sauƙi, yake kuma hana zaƙi rugawa cikin jini gaba ɗaya. Lemo uku da mutum ba zai iya shanyewa a zama ɗaya ba, a kofi kurɓa biyu ne. Mai ciwon suga ya ci ɗan itacen da haƙorinsa, ya fi masa. Na biyu sukari. Awon Hukumar ga babba kada ya wuce cokalin shayi 12 a wuni, in ya tsaya a 6 ya fi. Kwalbar lemon kanti guda tana iya cinye fiye da rabin na farkon. Zoɓon da aka zuba wa sukari da gwangwani da garin ƙamshi na leda bai fi ta da komai ba sai launi. A gwada shi da citta da kanumfari da ɓawon abarba da aka wanke, kunun aya kuma da dabino. Na uku ruwa. A yi da ruwan da aka tafasa, a zuba a mazubi wankakke, a kuma yi hattara da ƙanƙarar da ba a san asalinta ba. Kunun aya ba ya da haƙuri. Da bazara wanda aka yi da safe kafin la'asar ya fara kumfa. A yi daidai sha.

Abin da gona ba ta bayarwa

A nan sai a faɗi gaskiya. Akwai bitamin guda, B12, wanda ba a dogara da tsiro wajen samun sa. Daga dabba yake zuwa. Rashinsa na tsawon lokaci yana kawo ƙarancin jini, da jin sagewa ko tsikari a tafin hannu da ƙafa, yana kuma taɓa ƙwaƙwalwar jariri in uwar ba ta da shi. Shi ya sa gidan da ba ya samun nama bai kamata ya rabu da nono da ƙwai ba, ko ɗan busasshen kifi da za a daka a miya. Fura da nono ta rufa mana asiri a nan. Kajin da ke kiwo a tsakar gida kuwa, kada a kwashe ƙwansu duka a kai kasuwa. Tsohuwar maganar nan cewa yaron da ya ci ƙwai zai yi sata, ba ta da tushe. Mai ciki kuma ta je awo ta karɓi maganin ƙarin jini. Zogale mataimaki ne, ba madadinsa ba.

Cefane

Kuɗin cefane ba a kasuwa yake ƙarewa ba, a ƙulle-ƙulle yake ƙarewa. Ƙullin mai da safe, ƙullin barkono da rana, ƙullin gishiri da dare, kowanne da ribar mai ƙullawa a kansa. In kuka tara na mako guda kuka kwatanta da farashin kwalba ko kwano, za ku ga inda kuɗin ke zurarewa. Na san ba kowa ne ke da na kwano a hannu ba. Nan adashe yake da rana: gida huɗu ko biyar su haɗa, a aiki mutum ɗaya, a auno a raba.

Kowane kaya da lokacinsa. Hatsi da wake da gyaɗa da riɗi, da kaka. Tumatir da albasa da tattasai da karas, daga tsakiyar sanyi zuwa farkon bazara, sa'ad da kayan fadamar Kogin Wudil da na Kadawa suke cika kasuwa, daga 'Yankaba ta Kano har kasuwannin ƙauye. Lokacin ne za a yanka tumatir a yi kauɗa, a kan tabarma ko rufin kwano mai tsabta, don damina tana zuwa da tsadarsa. Waɗanda suka ga 2016, shekarar da wata tsutsa ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna, sun san ranar da mai kauɗa ta zama sarauniya. Wanda Juma'a ta kai shi Wudil, ko wata hidima ta kai shi Kano, ya tafi da jerin abin da gida ke buƙata a rubuce. Ga amfanin karatun da kuke yi. Kayan gwari kuma sukan sauko da yamma in masu kaya suna son tashi, sai dai a bambanta wanda ya yi laushi da wanda ya yi fumfuna. Na biyun ko kyauta ne a bar shi.

Araha ba ta ado. Wata damina na sayo wake a wajen wani mai awo, fari tas, babu huji ko ɗaya, kuma ƙasa da farashin kowa. Ina ta murna na yi dabara. Uwargida na kwance bakin leda ta kawar da kai, ta ce, "Malam, wannan ai fiya-fiya ce kake ɗauke da ita." Na shinshina, haka ne. Ko kaji ba mu ba ba. Zuba wa wake maganin ƙwari irin na feshi don ajiya ya yi yawa, har a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda shi. Ku shinshina kafin ku biya. A gida kuma ba a buƙatar guba: a busar da wake sosai, a zuba a jarka mai murfi a cika ta har baki a toshe, ko a buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro. In iska ba ta shiga, ƙwaro ba ya rayuwa.

Gyaɗa da masara nasu ciwon fumfuna ne. Ƙwayar da ta yamutse, ko ta canja launi, ko take ɗaci, tana iya ɗauke da dafin da ke lalata hanta, kuma wuta ba ta kashe shi. A tsince a zubar. Kada a ce a bar wa yara ko a yi ƙuli-ƙuli da ita.

Mafi arahar cefane shi ne wanda ba a je kasuwa ba. Reshen zogale in aka kafa shi a jikin danga ya kama. Tsohon buhu da aka cika da ƙasa da takin tumaki zai riƙe alayyafo ko yakuwa, ruwan alwala da na wankin hatsi ya ishe shi. A dai kewaye da ƙaya saboda awaki.

Tambayoyi

1. Me ya sa aka ce hatsi da wake suna cike giɓin juna? Kawo abinci uku na gidanku da suka haɗa su.
2. A kwaɗon dattijuwar nan, mene ne aikin man gyaɗa, mene ne na lemon tsami?
3. Wane bitamin ne ba a dogara da tsiro wajen samun sa, kuma daga ina gidan da ba ya sayen nama zai same shi?
4. Gishirin wuni ɗaya bai kamata ya kai giram 5 ba. In mutum shida ne manya a gida, giram nawa ne iyakarsu a mako?

Aikin gida

Kowa ya ja layi uku a littafinsa: rana, abin da aka saya, kuɗinsa. Daga gobe har kwana bakwai a rubuta duk abin da ya shiga tukunya, ko ƙullin barkono ne. Maza su tambayi matansu, mata su tambayi yaran da suke aika. Abin da aka ɗebo daga rumbu ko bayan gida a rubuta shi, a sa masa sifiri a gurbin kuɗi. Ranar aji mai zuwa a zo da littafin, kowa kuma ya tambayo farashin kwanon wake, da kwalbar man gyaɗa, da kashin nama mafi ƙanƙanta a wajen mahauci, za mu yi lissafin a kan allo.